Wasiƙar Birniwa: Mai Jego da Agogon Ofis

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, amma a makon nan ba labarin kasuwar riɗi ko na damina na zo da shi ba. Magana ce ta cikin gidana, na kuwa tabbata ta shafi gidaje da yawa, tun daga nan Birniwa har Haɗeja da Dutse.

Maiɗakina ma'aikaciya ce a wani ofis a nan ƙasarmu, ita ke riƙe da littattafan rajista. Allah ya sauke ta lafiya cikin hunturu, ta yi wankan jego na kwana arba'in, ta ƙarasa hutunta, sai ranar komawa aiki ta faɗo tsakiyar bazara, jaririyar ba ta cika wata huɗu ba. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a cikin rairayin nan namu ya san irin zafin da nake nufi. Aiki kuwa daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa ƙarfe 4 na yamma. Muka bar yarinyar hannun ƙanwata, in ta yi kuka sai a ba ta ruwa da ɗan koko. Ba a yi mako biyu ba sai ga zawo. Ganin haka sai uwar ta shiga satar jiki da tsakar rana, ta hau babur ta zo ta ba da nono ta koma. Ran nan shugabanta ya neme ta, ya tarar da kujera ba kowa. Kashegari aka miƙa mata takardar tuhuma.

Da na ga takardar raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na kwana na tashi sai na ga rabin laifin nawa ne. Ga ni akawu, kullum ina cikin takardun mutane, amma ban rubuta ko layi ɗaya a kan matsalar gidana ba. Alhali tun muna makarantar Mishan malaminmu ya sha gaya mana cewa a ofis, abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba.

To, jama'a, ku sani ba mu muka fara wannan magana ba. A taronta na farko a Amurka cikin 1919, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya cewa mai shayarwa a ba ta rabin sa'a sau biyu a yini, cikin lokacin aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a sashe na 54, ta ɗauki wannan daidai: mako 6 kafin haihuwa, mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in mace ta yi wata 6 tana aikin, sa'an nan rabin sa'a sau biyu kowace rana don shayarwa. Kundin dokokin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 ya ƙara a kan haka, ya ba ma'aikaciya hutun mako 16 da cikakken albashi, da kuma sa'a 2 kowace rana har tsawon wata 6 daga ranar da ta dawo. Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sawu a 2019. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta yarda a ba mazan ma'aikatanta kwana 14 in matansu sun haihu.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla, ko ruwa ban da shi, har wata 6, a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara 2. Iyayenmu ma ba su yaye yaro sai ya kusa shekara biyu. To, yaya mace za ta cika wannan in an tsare ta sa'a 8 a bayan tebur?

Sai dai a lura, kowace jiha da nata kundi, ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na makarantar kuɗi ba ya cin gadon dokar Tarayya kai tsaye. Saboda haka abin da na fara yi shi ne na je wurin mai kula da harkokin ma'aikata, na roƙa ya nuna mini abin da ke rubuce a nasu littafi. Matambayi ba ya ɓata.

Daga nan muka zauna da ita muka rubuta takardu biyu. Ta fari amsar tuhuma ce, ta amsa laifin fita ba izini, ba ta yi gardama ba. Ta biyu ita ce roƙon, ga kuwa yadda ta tafi:

"Ranka ya daɗe, ina roƙo a yarda mini in riƙa tashi ƙarfe 2 maimakon ƙarfe 4, daga farkon watan Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, domin shayar da jaririyata. Zan riƙa kammala rajistar kowace rana kafin in tashi, in bar mabuɗin kabad wurin abokiyar aikina, wadda ta yarda da haka. Ranar 1 ga Nuwamba zan koma cikakken lokaci. Ga takardar asibiti a haɗe."

Ku dubi abin da ke ciki: sa'a nawa ake nema, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai riƙe aiki, da shaida. Ba kuka, ba barazana. Ta ajiye kwafe ɗaya mai hatimin karɓa.

Bayan kwana tara amsa ta fito. Ba duk abin da muka nema aka ba mu ba. Shugaban ya yarda da tashin ƙarfe 2, amma ya ce kwana uku na ƙarshen wata, lokacin da ake haɗa lissafi, dole ta zauna har 4. Muka karɓa. A waɗannan kwanaki ƙanwata kan goyo yarinyar ta kai ta, uwar ta shayar da ita a gindin dalbejiyar bayan ofis. Alhamdu lillahi, zawo ya tsaya, yarinya ta murje.

Na san akwai masu gunaguni, har a cikin abokan aikina. Suna cewa ofishin ƙauye mai mutum uku, in ɗaya ta tashi da azahar, kayan ya koma kan biyu. Gaskiya ne, ba kuwa zan ce ba nauyi ba ne. Amma ku auna: sa'a biyu da kowa ya san da su, aka yi musu shiri, da kwana biyar da uwa za ta ɓace tana jinya a asibitin Haɗeja, wanne ya fi cutar da aiki? Kuma wace ce ke tsayawa a asibitocinmu na ƙauye da makarantun 'yan mata, in ba waɗannan matan ba? Mun daɗe muna kukan ƙarancin ungozoma da malamai mata a ƙasar nan. In muka sa mace ta zaɓa tsakanin ɗanta da aikinta, ɗanta za ta zaɓa, mu koma jiran a turo wata daga nesa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mata, ku rubuta takardarku tun wata guda kafin hutu ya ƙare, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mazaje kuma ku taya su, kada ku jira takardar tuhuma ta tashe ku kamar yadda ta tashe ni. Shugabanni kuwa, Allah ya ja zamaninku, ku amsa a rubuce, ko da rabin abin da aka roƙa ne, don izinin baki yakan tafi ranar da aka yi wa mai bakin canjin wurin aiki.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawun Birniwa