Kafin ka sa reza a ƙwayar maganin damuwa

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Tofa ta miƙo mini ƙullin takarda ta tagar ba da magani. Da na kwance sai na ga ɓarɓashin ƙwayoyi, wasu manya, wasu kamar tsaki. Maigidanta ya samu sauƙin ciwon damuwa, likita ya ce ya koma shan rabin ƙwaya, ita kuma ta gutsure na wata guda da haƙori a zama ɗaya. Mutumin ya koma fama da jiri da rashin barci, har 'yan uwa sun fara zancen iska.

Ban ga laifinta ba. Laifin namu ne, ma'aikatan lafiya, da muke cewa "a sha rabi" ba mu nuna yadda ake samar da rabin ba.

Ba kowace ƙwaya ke rabuwa ba. Wadda ke da tsaga a tsakiya, kamar yawancin sertraline mai miligiram 50, don a raba aka yi ta. Wadda kwalinta ke ɗauke da XR ko XL ko SR, kamar wasu nau'o'in venlafaxine, an tsara ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini. In aka fasa ta, duka zai shiga jini lokaci guda. Kafson fluoxetine kuwa ba a buɗe shi a kasa garin da ido. Amitriptyline mai miligiram 25 ƙarama ce, kewayayya, takan ƙi rabuwa daidai. Gara a nemi mai miligiram 10 in likita ya amince.

A nemi 'yar na'urar yanka ƙwaya a babban kemis. In ba ta samu ba, sabuwar reza a kan busasshen faranti ta fi haƙori da farce. A raba guda ɗaya, a shanye ɓangarorin biyu kafin a taɓa wata, domin zafin bazara da laimar damina suna lalata fasasshiyar ƙwaya. A ɓoye ragowar inda yaro ba ya kaiwa, don amitriptyline kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro.

Ƙarshen tafiyar ya fi farkonta wuya. A 2019, Mark Horowitz da David Taylor na birnin Landan sun bayyana a mujallar Lancet Psychiatry cewa ɗan ƙaramin awo na waɗannan magunguna yana da tasiri mai yawa a ƙwaƙwalwa. Saukowa daga 50 zuwa 25 ta fi sauƙi a kan daga 25 zuwa babu. Don haka matakan ƙarshe su ne ya kamata su fi ƙanƙanta, da makonni a tsakaninsu. Shan yau a tsallake gobe kuma ba ragewa ba ce, girgiza jiki ce, musamman ga paroxetine da ke saurin barin jini.

Na san wasu suna rabawa ne don maganin ya kai su kaka, lokacin da kuɗi zai shigo. Ku faɗa mana gaskiya. Sau da yawa akwai mai rahusa. Idan kuma jiri ya tsananta, ko mara lafiya ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a jira ranar ganin likita. Dawanau ba ta da nisa da Tofa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.