Ƙera Akwatin Wasa Ba Aikin Banza Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka ta da maganar mu ƙera akwatin wasan kwamfuta da hannunmu, watau dogon akwatin nan na katako mai gilashin talabijin da sandar sarrafawa da maɓallai, sai ka ji waɗansu manya, har ma da waɗansu daga cikinmu, suna taɓe baki, wai ba wasa aka turo mu jami'a mu yi ba. To, mu ba mu yarda ba, ga kuwa hujjarmu.

A 1962 ɗalibai da matasan ma'aikata na jami'ar MIT ta Amurka, bisa jagorancin Steve Russell, suka rubuta wasan Spacewar. A 1971 waɗansu samari biyu, Bill Pitts da Hugh Tuck, suka gina masa akwati mai karɓar tsabar kuɗi, suka girke shi a ginin ƙungiyar ɗalibai na jami'ar Stanford. A 1972 kuwa Allan Alcorn na kamfanin Atari ya sayi talabijin baƙi-da-fari ta dala 75, ya cusa ta cikin akwatin katako, ya haɗa wasan Pong. Ba a daɗe da ajiye shi a wata mashaya ba aka ce ya lalace. Da aka buɗe, ashe kuɗi ne suka cika shi har suka toshe! Daga waɗannan akwatuna ne masana'antar wasannin bidiyo ta tashi.

Bari mu duba aikin kansa. Mai ƙera wannan akwati dole ya auna katako ya yanke shi daidai, ya ja waya daga kowane maɓalli, ya liƙe ta da dalma, ya lissafa wutar da na'ura za ta ci, ya bar kafar iska domin kada zafi ya ƙone ta, sa'an nan ya rubuta umurnin da zai motsa hoto. Wane darasi ne a jadawalinmu ya tara waɗannan duka wuri guda? Kuma kuskure ba ya ɓuya: in waya ɗaya ta kauce, maɓalli ba zai amsa ba, ko da mutum ya haddace littafi daga bango zuwa bango.

Abin kunya shi ne a yaye ɗalibin injiniya alhali bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ga shi kuwa yaran Panteka a Kaduna suna ta da matacciyar na'ura ba tare da takardar digiri ba. Uzurin tsada ma ya faɗi, domin tun 2012 aka fito da Raspberry Pi, kwamfuta kamar tafin hannu, a kan dala 35. Tsohon gilashin kwamfuta da ragowar katako kuwa ba su gagari kowa ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware kuɗin akwati ɗaya daga abin da ake ƙonawa wajen liyafa, a girke shi a zauren hutawar ɗalibai. Sharaɗinmu guda ne: kada a cika shi da wasannin da aka kwafo ba izini. Mu rubuta namu, ko da dara ce. Wanda ya iya motsa ɗan dara a kan gilashi yau, gobe injin masaƙa ba zai ba shi tsoro ba.