Karatun Jami'a Tun Daga Sakandare: Tun Ran Gini Ran Zane

Akwai wani al'amari da ya bunƙasa a makarantun sakandare na Amurka wanda ya cancanci iyayen yara su tsaya su dube shi da idon basira. Yaro yana cikin shekarunsa biyu na ƙarshe a sakandare sai a rubuta sunansa a littafin wata jami'a ko kwaleji, ya riƙa karanta darasin shekarar farko ta jami'ar a cikin ajin makarantarsu, a bakin malamin da ya saba da shi. In ya ci jarrabawa, sakandare ta lissafa masa darasin, jami'a ma ta lissafa masa, ta ba shi abin da ake kira kiredit. Ranar da ya shiga jami'a sosai ba zai sake zama a kan wannan darasi ba, ubansa kuma ba zai sake biyan kuɗinsa ba.

Abin ba yau ya fara ba. Jami'ar Jihar Kanetikat ta soma irin wannan shiri tun 1955. A 1972 wasu makarantun sakandare guda shida suka tunkari Jami'ar Sirakus da ke Jihar Niyok, suka koka cewa yaransu masu ƙwazo suna gama abin da aka tsara musu tun kafin shekarar ƙarshe ta ƙare, sai zaman kashe wando a aji. Jami'ar ta horar da malamansu, ta ba su darussanta su koyar. A 1985 Jihar Minisota ta yi dokar da ta bai wa 'yan sakandare damar ɗaukar darussan jami'a, gwamnati na biya, Jihar Washintan kuma ta bi sahu a 1990. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara kimanin miliyan 2.5 ne suka ɗauki irin waɗannan darussa a Amurka, har ya zama a kwalejojin shekara biyu na ƙasar, cikin kowane ɗalibi biyar ɗaya ɗan sakandare ne.

Ba mai musun amfanin wannan shiri. Karatun jami'a a Amurka da ɗan karen tsada, kowane darasin da yaro ya ci tun a sakandare sauƙi ne ga aljihun iyayensa. Ɗan talakan da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu yakan gane da kansa cewa ashe karatun bai fi ƙarfinsa ba. Amma fa alherin shirin da sharrinsa duka suna rataye a wuri ɗaya da mutane suka raina, wato rajista. Wa aka gaya wa? Wa aka rubuta? Yaushe aka rubuta shi, kuma a littafin wa? Inda aka gyara amsar waɗannan tambayoyi shirin yakan ɗaga talaka. Inda aka yi sakaci da su, talakan ne farkon wanda yake kwana a ciki.

Tambaya ta farko ita ce wa aka gaya wa. Hukumar ƙididdigar ilmi ta Amurka ta bi sawun yaran da suka shiga aji tara a 2009, ta tarar kashi 34 cikin 100 sun ɗauki darasin jami'a kafin su gama sakandare, kuma kashi 80 cikin 100 na waɗannan a makarantarsu suka yi. To amma a cikin 'ya'yan masu digiri kashi 42 ne suka samu, a cikin 'ya'yan waɗanda ba su gama sakandare ba kuwa kashi 26 kacal. Ba ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta raba su ba. Uban da ya yi boko ya san akwai takardar da ake cikawa, ya san ranar rufewa, ya san ofishin da ake zuwa. Uban da ya fita neman abinci tun asuba bai sani ba, kuma ba wanda ya bi shi ya gaya masa. A Jihar Ohayo, inda aka fara sabon shiri a 2015, doka ta buɗe ƙofa ga yara tun daga aji bakwai zuwa aji goma sha biyu, amma ta ce a kai takardar nuna sha'awa zuwa ranar 1 ga Afrilu domin shekarar karatu mai zuwa. Wanda labari bai kai gidansu ba kafin wannan rana, sai ya koma roƙon alfarma. Makarantar da ta manna sanarwa a jikin allo ta ce ta sauke nauyi, ba ta sauke ba. Sai ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, ta kira iyaye, ta yi musu bayani da harshen da suke ji.

Tambaya ta biyu ita ce mene ne yaron ya sa hannu a kai. Yaro ɗan shekara 16 yana zaune a kujerar da ya saba, gaban malamin da ya saba, sai ya ɗauka darasin kamar sauran darussa ne. Alhali kuwa daga ranar da sunansa ya shiga littafin jami'a ya zama ɗalibinta, kuma kalandarta ce take aiki a kansa. Jami'a tana da ranar da in ɗalibi ya janye kafinta za a share sunansa kamar bai taɓa shiga ba. Tana da wata ranar da in ya janye za a rubuta cewa ya janye. Bayan wannan kuwa, duk wanda ya daina zuwa aji faɗuwa za a rubuta masa. Wannan rubutu ba ya gogewa, yana nan a takardar sakamakonsa ta jami'a duk inda ya nufa. Tallafin karatu na Gwamnatin Tarayyar Amurka yana da sharaɗin ɗalibi ya nuna yana ci gaba, kuma yawancin jami'o'i suna neman ya ci wajen kashi biyu cikin uku na darussan da ya yi rajistarsu. Saboda haka yaron da aka cusa a darussa uku ya faɗi biyu, yana iya shiga jami'a da tabo tun kafin ya taka ƙofarta. A Ohayo ma doka ta yarda hukumar makaranta ta nemi iyaye su biya kuɗin darasin da yaro ya faɗi, sai dai an keɓe marasa ƙarfi daga wannan. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Nan ne aikin malamin ba da shawara da magatakardan jami'a yake da nauyi. Littattafai biyu ne, ɗaya a sakandare ɗaya a jami'a, kuma dole su yi magana ɗaya. In yaro ya bar aji amma ba a sanar da jami'a ba, za a rubuta masa faɗuwa a darasin da bai zauna ba. In kuma ya zauna shekara guda yana karatu amma takardarsa ta maƙale a aljihun tebur ba ta kai jami'a ba, ya yi aikin baban giwa. Maganin wannan ba wani abin mamaki ba ne: a zauna a gwada sunayen littattafan biyu a makonnin farko na zango, a sake gwadawa kafin ranar janyewa, a kira duk yaron da ƙafarsa ta fara zamewa tun da sauran lokaci. Iyaye kuma su sani cewa a ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1974, ikon duba takardun jami'a na ɗalibi yakan koma hannun ɗalibin da zarar ya yi rajista, kome ƙanƙantar shekarunsa. Uban da bai nemi bayani ta hannun sakandare ba, yana iya zama na ƙarshe da zai ji abin da ya sami ɗansa.

Tambaya ta uku ita ce wa yake koyarwa, kuma ina sakamakon zai yi aiki. Jami'ar da ta ba da sunanta ita ce ya kamata ta tantance malamin, ta ba shi manhajarta, ta aiko mai duba aji, ta tabbatar jarrabawar daidai take da wadda ake yi a harabarta. Domin tsare wannan ne aka kafa ƙungiyar NACEP a 1999, wadda take duba irin waɗannan shirye-shirye tana ba su shaidar inganci. Duk da haka, kowace jami'a tana da ikon karɓa ko ƙin karɓar kiredit ɗin da aka kawo mata daga wata. Yaro yana iya tara darussa shida, jami'ar da ya nufa ta karɓi uku, ko ta karɓa amma ta ce ba su shafi fannin da ya zaɓa ba. Yawan sunaye a littafi yana faranta wa shugabannin makarantu rai, domin shi ake nunawa a rahoton ƙarshen shekara. Amma darasi ɗaya da zai bi yaro har cikin digirinsa ya fi biyar da za su tsaya a bakin ƙofa.

Wasu za su ce tsananta ƙa'ida rufe wa talaka ƙofa ne. Maganarsu tana da gaskiya in yaron aka tsananta wa, aka jibga masa takardu da kuɗaɗe da jarrabawar share fage. Tsananin da ake nufi a nan a kan hukuma yake: ta sanar da kowa, ta rubuta daidai, ta yi gargaɗi a kan lokaci. Ƙofa ta zama mai faɗi, littafi ya zama mai tsabta.

Nijeriya ba ta da wannan shiri irin na Amurka sak, amma ta san ɗan'uwansa. Kafin tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi suna da ajin HSC na shekara biyu, wanda ya ci shi yakan yi digiri cikin shekara uku. Yau hanyar da ta gaje shi ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita tun 1976, da JUPEB, wadda wasu jami'o'i suka kafa a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Ikko. Ɗalibi yakan karanta darussa uku wajen shekara guda, in ya ci ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB. Bambancin shi ne nan sai an gama sakandare ake shiga. Haɗarin kuwa iri ɗaya ne, domin a nan ma ana karatu a wuri ɗaya, littafin sunaye yana wani wuri.

Wannan ya shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal fiye da yadda ake zato. Mahauci ko mai sayar da goro ko ɗan canji da ya tara kuɗi da gumin goshinsa, yana ganin allon da aka rubuta sunan IJMB ko JUPEB a bakin titi, sai ya ɗauka ya isa. Allo ba shaida ba ne. Akwai wuraren koyarwa masu zaman kansu da ba su da hurumin rubuta ɗalibi da kansu, sai sun bi ta wata makarantar da aka amince da ita, akwai kuma waɗanda ba su da alaƙa da kowa sai aljihun iyaye. Yawan takardun sakamako na jabu shi ya sa JAMB ta tsaurara rajistar masu neman shiga kai tsaye a 2023, tana tantance sakamako daga wurin waɗanda suka bayar da shi. Tun 2021 kuma ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Yaron da aka rubuta Muhammadu a takardar firamare ta ƙauye, aka rubuta wani salon sunan a sakandaren Kudu, aka ba shi wata ranar haihuwa dabam a katin ɗan ƙasa, zai sha wahalar da ba ta da dalili.

Don haka kafin uba ya zare naira ɗaya, ya kamata ya san sunan jami'a ko kwalejin da za a rubuta ɗansa a ƙarƙashinta, ya je can ko ya aika wanda ya amince da shi ya tabbatar. Bayan biya ya karɓi rasit, ya nemi ganin takardar rajistar jarrabawa mai ɗauke da suna da hoto da lambar yaron, kada ya yarda da "ana nan ana yi". Ya bincika ko jami'ar da yaron yake so tana karɓar wannan sakamako a fannin da yake so, da makin da take nema, domin ba kowace ke karɓar duka biyun ba. Ya kuma gyara sunan yaron ya zama ɗaya a kowace takarda tun kafin ranar buƙata.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa. A kowace unguwa ba a rasa malamin makaranta ko ɗalibin jami'a ɗaya ko biyu da za a wakilta su riƙa duba wa jama'a takardu, su kuma sanar da ranakun rajista a masallaci bayan sallar Juma'a. Hukumomin jarrabawa kuwa wajibinsu ne su riƙa bayyana sunayen cibiyoyin da suka amince da su a rediyo da jaridu, cikin harsunan ƙasa, su kuma hukunta masu cin kasuwa da sunansu. Idan Amurka, da duk na'urorinta da ma'aikatanta, tana barin yara suna faɗawa tsakanin littattafai biyu, to gemun maƙwabci ya kama wuta, sauran a shafa wa na gida ruwa. Allah Ya sa a dace, Ya ba yara ilmi mai amfani.