Matan ci-rani da ke bayan katangar makarantarmu



Duk mai bi ta bayan makaranta da safe ya san kangon nan mara ƙofa. Da an gama girbi sai ya cika da mata da ƙananan yara. Yawancinsu daga Nijar suke, wajen Kance da Matamai a jihar Damagaram. Sukan biyo ta Kwangwalam zuwa Daura, su shigo Kano ci-rani. Wasu wanke-wanke suke yi a gidajenmu, wasu surfe, wasu bara, sai damina ta matso su koma gida.

Mutanen unguwa suna ƙoƙari, ana ba su ɗumame da tsofaffin kaya. Amma mu a ganinmu hakan bai isa ba.

Da hunturun bara wata daga cikinsu ta haihu a kangon cikin dare. Jini ya ƙi tsayawa, sai da iyayenmu mata suka tashi mai adaidaita sahu aka kai ta asibiti. Allah ya sa ta rayu, ita da jaririyar. Ashe ko sau ɗaya ba ta je awo ba. Ta ce ta ɗauka ba a karɓar baƙuwa, kuma ranar da ta zauna a layin asibiti ranar yaranta ba za su ci abinci ba. Wata nawa tana wanke mana kwanuka da cikinta, ba wanda ya ce, "Zo mu je awo." Mu ma da muke gaishe ta kullum ba mu faɗa a gida ba, kuma abin yana ba mu kunya.

Malamarmu ta kimiyya ta gaya mana cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. A nan ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a yi allurar riga-kafi. Rakiya kawai take buƙata, da wadda za ta riƙe mata yara rabin yini.

Sai maganar kuɗi. Kusan kowane layi akwai adashi, amma ba a sa su. Uwar adashi takan ce baƙuwa ce, za ta kwasa ta gudu. Mun san ana jin tsoro, kuɗi ba wasa ba ne. To a ba ta kwasar ƙarshe mana! Idan ta kwasa za ta iya sayen kasko da mai da mudu biyu na waken suya ta fara awara. Kun san yadda muke rububin awara lokacin tara, ba za ta yi kwantai ba. Ku tuna da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, komawa gida ta yi wa wasu wuya, ga naira ta faɗi, in an canza ta zuwa sefa ba ta da auki. Mai sana'a ta fi mai jiran sadaka iya jure irin wannan.

Muna roƙon malamai su kai batun taron iyaye da malamai mai zuwa. Mu kuma 'yan aji biyu mun yi alkawarin yau kowa zai tambayi mahaifiyarsa ranar da ake awo a asibitin unguwa, gobe mu kai wa matan kangon amsa.