Kututturen da aka ce ya mutu



Muna da wata ɗabi'a a ƙasar nan: in abu ya lalace a hannunmu sai mu ce "haka Allah ya so", mu rufe zancen. Gaskiya ne komi da ikon Allah yake. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mutum ya zauna ya tambayi kansa ina aka kuskure. Wanda ya faɗi bai bincika ba ya yi asara biyu, ga dukiya ta tafi, ga darasi bai ɗauka ba.

Misalin da nike son kawowa yana nan cikin gonakinmu. Bayan farin shekarun 1970, magabata da ƙungiyoyin waje sun zuba kuɗi masu yawa wajen dashen itace. An raini dogon yaro da turare, an kai ƙauyuka, an dasa. Mafi yawansu ba su kai labari ba: rana ta ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki sun gama da sauran. Shekara ta zagayo a sake dasawa, a sake yin asara.

Cikin masu wannan aiki a jahar Maradi akwai wani ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo. Shi ma dashensa mutuwa yake, har ya kusa fid da rai. A 1983 ya tsaya ya dubi ƴan tsirran nan da manomi ke sarewa lokacin sassabe, su sabara da kalgo da geza. Ashe kututturan itatuwan da aka sare ne tun tuni, saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa, kowace shekara suna tohowa ana kashe su.  Dabarar ba ta da tsada: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kiyaye. Shi ne manoma suka sa wa suna sassaben zamani.

Kar ku ce daga nan komi ya daidaita. A yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon cimaka: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Faɗuwa ta biyu ke nan, kuma ita ma an bincike ta. Manomi na ganin icen ba nashi ba ne, na gwamnati ne, in ya taɓa reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai raini abin da zai jawo mai tara? Da aka fara sakar wa manoma ikon itatuwan gonarsu, kuma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki da abincin bisashe da kariya daga iska, sai dabarar ta yaɗu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Duk wanda ya ratsa Magarya, Matamaye da Mirya ya ga gawo da idonsa.

To, ɗan uwa, kai da ka faɗi BEPC ko BAC bana, wace darasa ce ta kayar da kai? Ka je ka dubi makinka, kar kunya ta hana ka. Ƴar uwa da jarinki ya karye, ki zauna ki lissafa: bashin da kika bayar ne, ko kuɗin sana'a ne ke shiga tukunyar gida? Ku ƴan ƙungiya da aikinku ya tsaya ranar da tallafi ya ƙare, kun tambayi mutanen gari ko sun taɓa ɗaukar aikin nasu ne? Amsar na da ɗaci, amma ita ke nuna abin da ya mutu da abin da saiwarsa ke da rai.

Mu kuma na gefe, mu rage dariya. Dariyarmu ce ke sa mutum ya ɓoye faɗuwarsa, ƙanensa ya zo ya faɗa rami guda. Wanda ya gwada bai dace ba, a zauna da shi a ji yadda aka yi, don yana riƙe da sanin da wanda bai taɓa gwadawa ba bai da shi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.