Matafiyi, Wane Gefen Titi Ka Gani?

Akwai wata cuta da ta kama wasu daga cikin marubutanmu masu fita ƙasashen waje, kuma tun da kowa ya yi gum, ni zan tanka. Mutum zai je Afirka ta Kudu taro ko fatauci, ya yi kwana bakwai, ya dawo ya cika takarda da labarin tituna masu sheƙi da dogayen benaye, da jirgin ƙasan da ya ɗauko shi daga filin jirgin sama ya dire shi a Sandton kafin ya gama gyara zama. Daga nan sai ya yanke hukunci: wai Turawa ne suka gina ƙasa, baƙar fata kuwa tun da mulki ya dawo hannunsu a 1994 ba abin da suka iya sai ɓarna da zaman kashe wando.

Haba malam! Ai Bahaushe ya gama magana da ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan jirgin da kake yabo sai da ya tsaya a tashar Marlboro, gab da unguwar Alexandra, inda dubban iyalai ke cunkushe cikin ɗakunan kwano. Babban titi ɗaya ne ya raba ta da Sandton. Mai share maka ɗaki a otel da mai gadin ƙofa, daga irin waɗannan unguwanni suke fitowa tun da asuba. Ka tambaye su inda suke kwana?

Ruwa dai ba ya tsami banza. A 1913 aka kafa dokar da ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, a 1936 aka ƙara zuwa kashi 13. Bayan an ɗora mulkin wariyar launin fata a 1948, sai dokar 1950 ta yanka wa kowane jinsi unguwarsa. Da ita da ire-irenta aka fara kwashe mutanen Sophiatown a 1955, aka rushe gidajensu, aka sa wa wurin sabon suna mai ma'anar nasara. A 1966 aka ce unguwar District Six ta birnin Cape Town ta farar fata ce, aka kori mutane sama da 60,000. Dokar ilmi ta 1953 kuwa, da gangan aka tsara ta don ɗan baƙar fata ya tashi lebura. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa in aka lalata karatun uba, har jika sai ya ɗanɗana.

To, an soke dokokin, amma unguwannin suna nan inda aka ajiye su. Binciken filaye da gwamnatin ƙasar ta yi a 2017 ya nuna kashi 72 cikin 100 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na farar fata ne, alhali ba su kai kashi 10 na jama'a ba. A 2022 Bankin Duniya ya ce babu ƙasar da ta kai ta rata tsakanin mai shi da maras shi.

Na san za a ce da ni, to cin hanci fa? Ɗauke wuta fa? Kashe baƙi 'yan Afirka fa, irin na 2008 da ya faro daga Alexandra ɗin nan, ya ci rayuka sama da 60? Duk gaskiya ne, kuma a rubuta su ba sani ba sabo. Su kansu 'yan ƙasar sun hukunta jam'iyyar ANC a zaɓen 2024, suka hana ta rinjaye. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko laifin shugabanni a shafa wa jinsi guda, a wanke wanda ya ƙwace gona, a zagi wanda aka ƙwace wa. Wannan ita ce tatsuniyar da masu wariya suka yi ta rera wa duniya, yau kuma ga ta a bakin marubucinmu da Hausa, kyauta.

Muna da magabata a wannan fanni. Abubakar Imam ya bar mana Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. A can ma akwai Sol Plaatje, wanda ya hau keke ya bi ƙauyuka don ganin abin da dokar 1913 ta yi wa mutanensa, ya fitar da littafinsa a 1916.

Saboda haka 'yan'uwana, musamman masu tasowa, in Allah ya kai ɗayanku, ya karanta tarihin gari kafin ya ɗaura kaya. Ya shiga motar hayar da ma'aikata ke shiga, ya tambayi mai wane fili ne, wa ke noma shi, wa aka tasa daga kansa. Wanda bai tsallaka titi ba, ya rubuta mana cewa otel ya gani, mu kuma mu karanta shi a haka. Allah ya sa mu gane.