Sharhi: A Daina Ba da Kwangilar Manhaja Kamar ta Gina Titi

Ɗan kasuwa a birnin Bauchi da ke son manhajar kwamfuta don ƙididdigar haja da basussuka, ba zai iya fayyace duk buƙatunsa a rana ɗaya ba. Sai ya fara amfani da ita sannan zai gane abin da ya rage. Amma har yanzu ana ba da irin wannan aiki kamar kwangilar titi: a rubuta komai tun farko, a biya kafin alƙalami, a jira wata da watanni.

Wannan hanya ta jawo asara har a ƙasashen da suka ci gaba. A shekarar 2011 gwamnatin Birtaniya ta rushe babban shirinta na haɗa bayanan marasa lafiya a kwamfuta a Ingila, bayan ya laƙume biliyoyin fam.

Tun a watan Fabrairun 2001 masana 17 suka hallara a jihar Utah ta Amurka, suka fitar da ƙa'idojin da ake kira Agile. A tsarin Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ƙaramar tawaga ce ke raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba. Kullum sukan gana na minti 15, kuma a ƙarshen zango su nuna wa mai aiki abin da zai gwada da hannunsa. In an yi kuskure, asarar makonni ce kawai.

Tsarin na da nasa nauyi. Dole mai aiki ya ba da lokacinsa, kuma in ba a ƙayyade kuɗi ba, aikin na iya zama rijiya gaba dubu. Maganin haka shi ne a biya kuɗin kowane zango bayan an ga sakamakonsa, tare da 'yancin dakatar da aikin.

Ma'aikatun gwamnatin jiha ya kamata su fara nuna misali. Babbar kwangila sai babban kamfani, amma aikin da aka rarraba, matasa biyar ko shida da suka kammala Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa za su iya ɗauka, kuɗin kuma ya tsaya a Bauchi. Ya kamata jami'ar ta riƙa horar da ɗalibanta aiki a tawaga, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.